Jariran Da Ba Su Kai Ranar Suna Ba: Ina Su Ke A Ƙasar Gwarzo Da Kabo?

A ƙasar Hausa ba a cika lissafa yaro cikin mutane ba sai ran da aka yanka masa rago aka raɗa masa suna. Jaririn da ya koma kafin kwana bakwai, a kan yi masa sutura, mutum biyar ko shida su kai shi, su dawo su ce wa uwar ta yi haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne. Ba suna, ba takarda, ba alƙalamin da ya taɓa shi. In an shekara, ban da uwarsa da kakarsa, da wuya a sami mai tuna ranar.

Muna so mu jawo hankalin malaman makaranta, da malaman ofisoshin hakimai da na ƙananan hukumomi, watau magadan malaman En'e na da, zuwa ga waɗannan bayin Allah. Maganar da za mu yi guda ɗaya ce. Mutuwar jarirai ba kamar ruwan sama ta ke ba, da zai sauka bisa kowane rufi daidai wa daida. Tana da wuraren da ta fi sauka, tana da watannin da ta fi so, tana kuma da gidajen da ta kan koma. Wanda ya san wuraren nan ya san inda zai kai taimako. Hanyar saninsu kuwa ita ce rubutu, rubutu kuma sana'armu ce. Mun ɗauki ƙasar Gwarzo da ta Kabo, a yammacin Jihar Kano, don mu buga misali da su.

Abin Da Ƙididdiga Ta Nuna

In likitoci sun ce jariri sabon haihuwa, suna nufin daga ran haihuwa zuwa kwana 28. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 jarirai wajen miliyan 2.3 suka mutu a duniya cikin waɗannan kwanaki. Kusan kashi uku cikin huɗu nasu a makon farko su ke tafiya. Watau galibinsu ba su ga ranar suna ba.

A nan Nijeriya, babban binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba su cika wata ɗaya ba. Da aka sake binciken a 2023 zuwa 2024, sai aka sami 41. Abin lura shi ne, tsakanin binciken biyu mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta ragu, daga 132 zuwa 110 cikin 1,000, amma ta sababbin haihuwa ba ta motsa ba. Alkawarin da ƙasashen duniya suka ɗauka a Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa shi ne a sauko da ita zuwa 12 kafin 2030. Kowa ya dubi 41 ya dubi 12 ya san da sauran tafiya.

Tun daga bisa a ke fara ganin bambancin wuri. A binciken 2018, shiyyar Arewa maso Yamma, inda Kano ta ke, ita ce kan gaba da 46 cikin 1,000. A ƙasa baki ɗaya mata 39 cikin 100 suka haihu a asibiti, amma a shiyyarmu 16 ne kacal. A 2024 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta ware ƙananan hukumomi 172 daga cikin 774 na ƙasar nan, ta ce a cikinsu ne fiye da rabin matan da ke mutuwa wajen haihuwa su ke mutuwa. Inda uwa ke halaka kuwa, nan jariri ke halaka, don hanyarsu ɗaya ce.

To, amma irin wannan babban bincike iyakarsa jiha. Zai gaya maka halin Kano gaba ɗaya, ba zai raba maka Getso da Lakwaya ba, balle ya raba maka unguwa da unguwa. Nan ne aikin ya gangaro kanmu.

Lissafin Allo

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji, don a ga girman abin. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 180,000 a Ƙaramar Hukumar Gwarzo, fiye da 150,000 kuma a ta Kabo. In an haɗa, 330,000 ke nan, ban da ƙaruwar da aka yi tun daga lokacin. Mu ɗauka a kan haifi jarirai 40 a shekara cikin kowane mutum 1,000, abin da bai yi nisa da halin karkararmu ba. Haihuwa 13,200 ke nan. In muka auna su da mudun shiyyarmu, watau 46 cikin 1,000, za mu sami wajen jarirai 600 a shekara, kusan 12 kowane mako. Wannan lissafin misali ne kurum, amma ya isa ya hana mutum barci. Da a ce mota ce ke kashe mutum 12 kowane mako a titin Gwarzo, da tuni an yi taro a kai.

Gwarzo tana da mazaɓu goma: Gwarzo, Getso, Jama'a, Kara, Kutama, Lakwaya, Madadi, Mainika, Sabon Birni da Unguwar Tudu. Kabo ma goma: Kabo, Garo, Durun, Dugabau, Gammo, Godiya, Gude, Hauwade, Kanwa da Masanawa. Da rabo daidai a ke yi, da kowace mazaɓa ta sami 30. Amma ba daidai a ke rabawa ba. Don a gane dalili, sai an fara sanin abin da ke kashe jaririn.

Abokan Gaba Uku

Na farko shi ne haihuwa kafin lokaci, watau bakwaini, da jaririn da ya zo da ƙaramin jiki ƙwarai. Irin wannan ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, ba shi da ƙarfin tsotso. Sanyi da yunwa su kan gama da shi cikin kwana biyu ko uku.

Na biyu shi ne wahalar haihuwa. In naƙuda ta yi tsawo, jariri ya kan galabaita a ciki, ya fito bai yi kuka ba, bai ja numfashi ba. Minti ɗaya na farko shi ne abin tsere. Ma'aikaciyar da aka horar ta kan tsane shi, ta murza bayansa, in bai motsa ba ta hura masa iska da 'yar jakar roba. Sau da yawa a kan ga ya farfaɗo. In babu mai wannan sani a ɗakin, sai a lulluɓe shi a ce ya zo ba rai.

Na uku shi ne ƙwayoyin cuta, kuma babbar ƙofarsu ita ce cibiya. Tsohuwar reza, da zaren da ba a tafasa ba, da tsumman gashi, da toka ko man goge baki da wasu ke shafawa, duk hanyoyi ne. Daga nan ne cutar tsinkau-tsinkau, wadda wasu ke kira sarƙe-haƙora, ke shiga. Ta kan bayyana wajen kwana bakwai, jariri ya daina kama nono, jikinsa ya sandare. Allurar da a ke yi wa mai ciki wajen awo ita ke kare shi daga wannan. Askar wanzami ta cire beli, in ba a tsabtace ta ba, ita ma ƙofa ce.

Ku duba ukun nan da kyau. Ba wanda ke ba da wa'adin mako. Babba ya kan yi jinyar wata guda ana neman kuɗin mota, amma jariri sa'o'i gare shi, wani lokaci mintoci. Saboda haka nisa, wanda ga babba wahala ce kawai, ga jariri hukunci ne.

Titi, Damina Da Hunturu

Babban titi ya taso daga Kano ta Kabuga, ya bi ta Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, ya isa Gwarzo bayan tafiyar kilomita wajen 70, sa'an nan ya wuce Dayi cikin Jihar Katsina. Akwai babban asibiti a garin Gwarzo. In abu ya gagara a can, sai Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Matar da ke zaune a bakin wannan titi, in naƙuda ta juya da tsakar dare, da wuya ta rasa abin hawa. 'Yar'uwarta da ke wani ƙauye a ƙarshen mazaɓa, sai an tashi mai babur, sai an bi burtali, sai an fito titi kafin a fara neman mota. Uwa ɗaya ta haife su, ciwonsu ɗaya, amma rabonsu ya bambanta saboda inda aure ya kai kowace.

A 1994 wasu masana biyu a Amurka, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa jinkiri uku ke kashe mai haihuwa. Akwai jinkirin yanke shawarar a tafi, akwai jinkirin hanya, akwai jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu da muka san ƙauye mun san su duka. Maigida ya tafi cin rani, ba mai ba da izini. 'Yar fari tana jin kunya, ta yi shiru da naƙuda tun magariba har asuba. An sami izini, babu kuɗin mai. An isa ƙaramin asibiti, an tarar da shi a kulle don ma'aikacin a gari ya ke kwana. Kowane jinkiri yana ƙara nauyin ɗan'uwansa, kuma ƙauyen da ya fi nisa shi ya fi tara su.

Nisa kuma ba a kan takarda kaɗai a ke auna shi ba. Ƙoramar da yaro ke tsallakewa a watan Maris, ita ce ke hana babur wucewa a watan Agusta. Lokacin nan ne kuma rumbu ya yi ƙasa, mai ciki na fama da zazzaɓin cizon sauro, wanda ke rage mata jini ya kuma ƙanƙantar da abin da ke cikinta. In hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, sai wani abokin gaba ya karɓa. A yi wa jariri wanka da ya faɗo, a ajiye shi gefe ana ta hidimar uwa, iska na shigowa ta ƙofa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a tsane shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a jinkirta wanka sai bayan sa'a 24. Ashe ke nan taswirar damina daban, ta hunturu daban.

Har cikin gari ɗaya ma akwai bambanci. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suka buga sakamakon a 1985. Sun tarar matan da ba su je awo ba, waɗanda sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa, su da 'ya'yansu, nesa ba kusa ba. Matan da suka yi makaranta kuwa su suka fi tsira. Wannan magana ta shafe mu, mu ma'aikatan ilmi, kai tsaye. Unguwar da 'yan mata ba su gama firamare, in an duba, ita ce unguwar da ba a zuwa awo, ita ce inda a ke zubar da dakashi a ba jariri ruwa, alhali kuwa dakashin nan shi ne rigakafinsa na farko.

Waɗanda Suka Rubuta Suka Gani

Kada wani ya ce rubutu ba ya warkar da kowa. A 1854 annobar kwalara ta faɗa wa wata unguwa a Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana tambayar inda aka yi rashi, ya ga mutuwar ta taru kewaye da famfon ruwa guda. Aka cire hannun famfon. Taswirar da ya zana, mai ɗigo a kan kowane gidan da aka mutu, har yau ana koyar da ita.

Ba sai mun je Ingila ba. Daga 1969 zuwa 1976 Gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya sun yi binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda a lokacin ke cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Sun riƙa rubuta haihuwa da mutuwa ƙauye ƙauye. A shekarun 1970 an yi irin wannan a Malumfashi, maƙwabciyar Gwarzo ta yamma. Abin da ya yiwu a ƙauyukan nan shekara hamsin da suka wuce, ba waya ba kwamfuta a hannu, ba zai gagare mu yau ba.

Misalin da ya fi kama da halinmu ya fito daga Indiya. A gundumar Gadchiroli, ƙasar matalauta mai nisa da asibiti, Likita Abhay Bang da abokan aikinsa suka zaɓi matan ƙauye masu ɗan karatu a ƙauyuka 39. Aka koya musu su halarci haihuwa, su auna jariri, su ziyarce shi a kwanakin farko, su gane alamun ciwo su ba da magani, su kuma rubuta kome. Daga 1995 zuwa 1998 mutuwar jarirai a ƙauyukan ta ragu da kashi 62 cikin 100 in an gwada da ƙauyukan da ba a yi aikin ba. Ba su gina sabon asibiti ba. Sun san inda jariran su ke, sun isa gare su da wuri.

Aikin Da Ke Gabanmu

Dokar ƙasa ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da ta mutuwa, amma a binciken 2018 yara 43 ne kawai cikin 100 ke da rajista. In mai rai bai samu shiga littafi ba, ina ga wanda ya kwana uku ya koma? Malaman En'e na da sun iya ƙidaya kowane baligi don haraji, da kowace saniya don jangali. Abin kunya ne a ce jikokinsu sun kasa ƙidaya jarirai. Harsashi ma akwai shi, don aikin rigakafi ya riga ya saba wa masu unguwanni da yawa a Kano da rubuta sababbin haihuwa. Abin da ya rage shi ne a daina tsallake wanda ya koma.

Shawararmu ita ce kowane mai unguwa ya sami littafi guda, malamin makarantar da ke kusa ya taimake shi riƙe shi. Ungozoma da wanzami da liman su ne idanunsa, don ba a haihuwa ko a binne ba da saninsu ba. A rubuta ranar haihuwa, da garin da aka haihu, da ko a gida ne ko a asibiti ko a hanya, da wanda ya karɓi haihuwar, da ko uwar ta je awo. A koma ran suna, a sake komawa ran da ya cika kwana 28, a rubuta yana raye ko ya koma, in ya koma a kwana na nawa. Wanda ya zo ba rai ma a ba shi layinsa. A kula da abu ɗaya: 'yar fari ta kan tafi goyon ciki gidan iyayenta, saboda haka garin da ta haihu a ke rubutawa, ba garin mijinta kaɗai ba, in ba haka ba ɗigo zai faɗa inda ba wurinsa ba. Littafin kuma amana ne. Ba na tara ba ne, ba na tonon asiri ba ne, kuma sunan kowa ba ya fita daga cikinsa sai adadi.

Kowane wata malamin dagaci ya tattara, ya kai ofishin hakimi, a ba shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma kwafi. Malamin makaranta kuma ya zana taswirar mazaɓarsa, aikin da 'yan aji shida za su yi murna da shi a darasin labarin ƙasa: ga titi, ga burtali, ga ƙorama, ga asibiti. A rubuta tafiyar minti nawa ce daga kowace unguwa, ta rani da ta damina. Sa'an nan malam shi kaɗai ya sa ɗigo. A yi hattara wajen karantawa. Gari mai haihuwa 300 da rashi 9 ya fi ƙauye mai haihuwa 40 da rashi 4 lafiya, ko da ya ke 9 ta fi 4, don na farko 30 ne cikin 1,000, na biyu kuwa 100. Kada kuma a yanke wa ƙaramin ƙauye hukunci da shekara guda, sai an tara biyu ko uku.

In Taswira Ta Yi Magana

Amfanin taswira shi ne ta faɗi maganin da ya dace da kowane wuri. Inda ɗigo ya taru a ranar farko, matsalar naƙuda ce da hanya. Wurin yana bukatar ungozomar asibiti mai kwana a garin, da direban da aka yi alkawari da shi tun kafin dare, irin shirin da aka yi da ƙungiyar direbobin haya a jihohin Arewa da dama, da asusun unguwa na kuɗin mai, da izinin maigida tun cikin yana wata bakwai. Inda ya taru daga kwana na uku zuwa sama, a dubi cibiya da aska. Akwai maganin shafawa a cibiya mai suna kiloheksidin, mai araha, wanda Jihar Sakkwato ta fara rabawa gida gida a 2013. Inda bakwaini suka fi tafiya, ko aka ga rashin ya yi yawa da hunturu, a koyar da goyon ƙirji, watau a ɗaure jariri tsirara a ƙirjin uwa, fata da fata, dare da rana. An fara wannan dabara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978. Wani gwaji da aka buga a 2021, wanda asibitin Ile-Ife na cikinsa, ya nuna fara goyon nan da an haihu ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi ɗaya cikin huɗu. Macen da ta iya goyon baya ba za ta kasa na ƙirji ba.

Ko'ina kuwa, a koya wa kowane gida alamun da ba a kwana da su: jariri ya ƙi nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko ya yi ta zabura, ko shawara ta sauko har tafin hannu, ko cibiya ta yi ja tana ruwa. In an ga ɗaya, a kama hanya, ko da ba a yi suna ba. Al'adar ɓoye jariri har kwana bakwai ba ta kai ransa daraja ba.

Mun san za a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma malamanmu sun koya mana cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma manomin da ya dogara ga Allah bai fasa kai taki gona ba. In muka ga rashi ya fi yawa a bayan ƙorama bisa bakin titi, to, akwai rabon ƙoramar a ciki, ƙorama kuwa ana yi mata gada.

Shugaban ƙaramar hukuma ya kan sha roƙo daga kowane gefe, kowa na cewa garinsa ya fi bukata. Wanda ya shigo da taswira da littafin shekara biyu a hannu ba roƙo ya zo yi ba, hujja ya kawo. Littafi guda, da alƙalami, da malamin da ba ya gajiya da tambaya, su ne jarin farko. Muna fata hakiman Gwarzo da Kabo da malamansu za su riga kowa farawa, sauran ƙasar Kano ta yi koyi da su. Allah ya raya mana abin da muka haifa, ya ba iyayen da suka yi rashi haƙuri, amin.